Zare da Rezin: Sharhi a kan Harshen Masu Aikin Faiba

Da yawa daga cikin ƙubbobin da ake ɗorawa a kan sababbin masallatai, da ƙananan jiragen ruwa masu inji da ke tsallakar da mutane a Kogin Kwara, da fukafukan injinan iska na Lambar Rimi a Katsina, da gangar jikin jirgin sama samfurin Boeing 787, duk 'yan gida ɗaya ne. Kowannensu zare ne aka jiƙa da wani ruwa mai kauri da ake kira rezin, aka bar shi ya ƙulle ya zama abu mai tauri. A kasuwa mukan haɗa su gaba ɗaya mu ce faiba, mu wuce. Masu masana'antar kuwa suna da kalmomi ɗaruruwa, har hukumomin daidaita ma'auni suka ware musu kundi: na robobi shi ne ISO 472, na haɗaɗɗun kaya kuma ASTM D3878.

Yawan kalmomin yana da dalili, kuma dalilin ne ya sa na ga batun ya cancanci sharhi. Maƙeri ko mai walda yana sayen ƙarfen da aka riga aka gama yi a masana'anta, ingancinsa sananne, aikinsa shi ne ya yanka ya lanƙwasa ya haɗa. Mai aikin faiba shi yake ƙirƙirar kayan da kansa a daidai lokacin da yake ba shi siffa. Kafin ya zuba rezin a kan zare babu wani abu mai suna faiba a shagonsa, akwai dai yadi a naɗe da ruwa a durom. Saboda haka kusan kowace kalma ta wannan sana'a suna ne na wata shawara da aka yanke cikin 'yan mintuna, wadda da zarar kaya ya ƙulle ido ba zai sake ganinta ba. Mai saye da bai san kalmomin ba, ba shi da hanyar tambayar abin da aka yi masa.

Haɗaɗɗen kaya shi ne wanda aka yi da abubuwa biyu ko fiye da ba su narke cikin juna ba, kowanne yana nan da halinsa, amma tare suna yin abin da ɗaya ba zai iya ba. Magina a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke cuɗa ƙasar gini da ciyawa kafin su mulmula tubali, kuma kankare mai rodi ma a wannan layin yake. A faiba, zaren ne ke ɗaukar nauyi. Rezin yana riƙe zaruruwan a inda aka ajiye su, yana miƙa nauyi daga wannan zare zuwa wancan, yana kuma kare su daga ruwa da gogayya. Haruffan da ake gani a takardun ciniki wannan kawai suke faɗa. GRP, wanda Ingila ta fi amfani da shi, roba ce da aka ƙarfafa da gilashi. FRP na Amurka roba ce da aka ƙarfafa da zare kowane iri. CFRP kuma zarenta na kabon ne.

Tambayar da takan zo a zuciya ita ce yaya gilashi, wanda ake misali da shi wajen saurin fashewa, zai ƙarfafa wani abu. Wani injiniya ɗan Ingila, A. A. Griffith, ya amsa ta a 1920 a cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough. Ya nuna cewa gilashi yana fashewa ne daga ƙananan tsagogin da ke jikinsa, kuma idan aka ja shi ya zama siririn zare, tsagogin suna raguwa, ƙarfinsa ya ninka sau da yawa. Zaren gilashin da ake aiki da shi yau kaurinsa tsakanin maikiron 10 ne zuwa 24, na kabon kuma 5 zuwa 7, alhali maikiron guda kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Sana'ar kanta ta tsaya da ƙafarta a Amurka: Carleton Ellis ya sami rajistar rezin ɗin foliyesta a shekarun 1930, aka kafa kamfanin Owens-Corning mai yin zaren gilashi a 1938, Yaƙin Duniya na Biyu ya buƙaci murfin na'urar rada da ba na ƙarfe ba, sannan a 1953 aka fito da motar Corvette guda 300 da jikin faiba.

Zaren gilashi kansa iri-iri ne. Wanda ya cika duniya shi ne mai harafin E, domin asali don kare wutar lantarki aka yi shi, sai mai harafin S wanda ya fi ƙarfi da tsada. Zaren kabon ya fi su duka ƙin lanƙwasa kuma ya fi sauƙin nauyi. Roger Bacon ya fara samar da mai ƙarfin gaske a Amurka a 1958, Akio Shindo a Osaka ta Japan ya gano hanyar yin sa daga zaren akirilik, masu bincike a Farnborough suka inganta hanyar a 1963. Idan ka ga an rubuta 3K ko 12K a jikin yadin kabon, adadin siraran zaruruwan da ke cikin kowane ƙulli ake nufi, dubu uku ko dubu goma sha biyu. Na uku shi ne aramid, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, aka fi saninsa da sunan Kevlar, shi ne a rigar sulke ta zamani, domin yana da wuyar tsinkewa ko da ya sha duka. Akwai kuma zaren tsiro. Motar Trabant ta Jamus ta Gabas da ragowar auduga da rezin aka yi jikinta, kuma ramar nan da muke miya da ganyenta, muke tufka igiya da ɓawonta, kamfanonin motoci irin su Toyota suna sa zarenta a bangon ƙofofin mota ta ciki. Matsalar zaren tsiro ita ce yana shan danshi, sai an busar da shi an gyara fatarsa kafin rezin ya kama shi da kyau.

Abin da ya fi irin zaren muhimmanci, kuma masu saye suka fi sakaci da shi, shi ne inda zaren ya fuskanta. Ƙarfe ƙarfinsa ɗaya ne ta kowace fuska. Faiba ƙarfinsa yana bin tsawon zaren, idan aka ja shi ta gicciye rezin kaɗai ke riƙe da shi, rezin kuwa ba shi da wani ƙarfin kirki. Shi ya sa ake da siffofin yadi daban-daban. Akwai tabarmar yankakken zare, wadda masu aiki ke kira mat, guntayen zare ne aka watsa ta ko'ina aka manne su. Ita ce mafi arha, tana bin lungu da saƙo na mazubin da ke ba kaya siffa, amma ƙarfinta matsakaici ne. Lambobin 300, 450 da 600 da ake kiranta da su nauyin giram ne a kowace murabba'in mita. Akwai saƙaƙƙen yadi mai zaren tsaye da na kwance, akwai kuma wanda duk zarensa hanya ɗaya ya miƙe. Injiniya yakan rubuta jerin falle-falle da kusurwar kowanne, 0, 90, 45, kuma wannan jeri shi ne ainihin zanen kayan. Canza kusurwar falle guda canza kayan ne gaba ɗaya, ko da kaurin bai canza ba.

Kamfanin Rolls-Royce ya ɗanɗana wannan darasi da tsada. Ya yi fukafukan fankar injin jirgi samfurin RB211 da zaren kabon, suka jure juyawa mai tsanani, amma a gwajin 1970 da aka harba musu tsuntsu sai suka tarwatse, domin dukan ya zo ta fuskar da zaren bai tanada ba. Komawa ga ƙarfen taitaniyam da jinkirin da ya biyo baya na cikin abubuwan da suka durƙusar da kamfanin a Fabrairun 1971, har gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi.

Tsakanin zare da rezin akwai wani abu da ba a gani, siririn shafi na sinadari da masana'anta ke yi wa zaren tun yana fitowa daga tanderu, don rezin ya kama shi. Kowane shafi da rezin da aka yi shi dominsa. Haka ma abin da ke manne guntayen mat, yawancinsa sai sinadarin sitairin da ke cikin foliyesta yake narkar da shi, don haka wanda ya shafa rezin ɗin efoksi a kan mat ɗin da ba nasa ba zai ga ya ƙi jiƙa ya ƙi kwanciya, ya ɗauka rezin ɗin ne ba shi da kyau.

A ɓangaren rezin ne ruɗani ya fi yawa, kuma a nan ne kuskure ke iya cin ido ko ya tashi gobara. Robobi gida biyu ne. Akwai masu narkewa idan sun ji wuta su sake daskarewa, kamar ta bokiti da kujera da baƙin tankin ruwa na kan rufi da muke kira tankin GP. Wannan tanki foliyetilin ne zalla, babu zare a cikinsa, kuma bai da alaƙa da tankin GRP mai falle-falle da ake ɗaurewa da noti, duk da kamannin haruffan. Gida na biyu su ne waɗanda idan suka ƙulle sun ƙulle har abada, domin ƙwayoyinsu sun sarƙe da juna ta kowace fuska. Wuta tana iya ƙona su, ba ta narkar da su. Kusan duk faiban da muke gani daga wannan gidan yake. Mafi arha shi ne foliyesta, shi ma hawa biyu: oto na aikin yau da kullum, da aiso wanda ya fi jure ruwa. Sama da su akwai binilesta na tankunan sinadarai, sai efoksi a ƙololuwa, wanda yawancinmu muka fara sani a gam ɗin Araldite mai bututu biyu, da kamfanin Ciba na Suwizalan ya fito da shi a shekarun 1940.

Mutane sukan ce a bar faiba ya bushe, kuma wannan fahimtar tana jawo ɓarna. Fenti ne yake bushewa, ruwan cikinsa ya tashi ya bar launi. Rezin nuna yake yi: sinadarai ne suke haɗuwa su sarƙe, su fitar da zafi. Iskar fanka ba ta ƙara masa komai, kuma taurin sama ba ya nuna cewa ciki ya gama. Abin da ke tayar da nunar foliyesta shi ne katalis, wani ruwa mai suna MEKP, ana sa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyin rezin, a rage kaɗan idan ana zafi, a ƙara kaɗan idan ana sanyi. Efoksi kuwa abokin haɗinsa shi ne hadina, kuma shi rabin ginin ne da kansa, dole a auna shi daidai yadda masana'anta ta rubuta. Wanda ya saba da foliyesta ya ƙara wa efoksi hadina don ya yi sauri, zai sami kaya mai laushi da ba zai taɓa kai ƙarfinsa ba. A shaguna da yawa sunan ɗaya ake kiran ruwayen biyu da shi, kuma daga nan kuskuren yake farawa. Akwai na uku, ruwan kobal mai launin shunayya da ke hanzarta katalis. Ana gauraya shi cikin rezin tukuna. Idan ya haɗu da MEKP kai tsaye wuta ce ko fashewa. MEKP ɗin kansa ɗigo guda a ido yana iya makantarwa, sitairin mai warin nan mai hawa kai kuma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi a 2018 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar. Yaran shago da ke shafa rezin a rufaffen ɗaki, ba tabarau ba safar hannu, su ne suke biyan kuɗin wannan rashin sani da lafiyarsu, kuma haƙƙinsu yana wuyan maigidan da bai koya musu ba.

Takardar bayanin rezin takan faɗi lokacin kamawa, wato mintunan da mai aiki yake da su kafin ruwan ya fara daskarewa, sau da yawa 15 zuwa 20. An auna wannan ne a digiri 20 ko 25. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, lokacin yana raguwa ƙwarai, kuma rezin da aka dama da yawa a roba ɗaya yana iya ɗumama kansa har ya yi hayaƙi ya tsage. Zafin yana bin kayan har bayan an gama. Kowane rezin da ya nuna yana da wani matakin zafi, ana rubuta shi Tg, wanda idan ya kai shi sai ya fara laushi. Na foliyestan da ya nuna a zafin ɗaki bai da nisa sosai da zafin da baƙin abu ke kaiwa a tsakar rana a Sahel. Wannan ne dalilin da ya sa jiragen sama marasa inji na faiba kusan dukansu farare ne, kuma shi ne dalilin gasa kaya bayan ya nuna, don a ɗaga wannan mataki. Wanda zai ɗora ƙubba mai duhun launi a kan masallaci a Arewa yana da damar ya tambayi wannan lamba.

Sunayen hanyoyin aiki ba su da wuyar ganewa, domin kowanne bayanin abin da hannu ko inji ke yi ne. Shimfiɗar hannu ita ce ta kowa: a goge mazubi da kakin hana mannewa, a shafa jelkot, wato fatar waje mai launi da sheƙi mai kaurin kusan rabin milimita, a shimfiɗa mat, a jiƙa da burushi, a bi da abin murzawa don korar iska. Ana iya fesa yankakken zare da rezin tare. Ana iya rufe aikin da leda a zuƙe iskar, ko a shimfiɗa zaren a bushe a bar zuƙar ta ja rezin ya ratsa shi, kamar yadda ake yin manyan fukafukan injinan iska. Bututu da tukunyar gas naɗa jiƙaƙƙen zare ake yi a kan sanda mai juyawa. Sanduna da tsani ana jan zaren ne ta cikin rezin sannan ta cikin zazzafan bakin ƙarfe, su fito a miƙe ba yankewa. Fallayen tankin GRP kuma ƙullun rezin da zare ne ake matsewa a zazzafan mazubi. A can sama akwai firifireg, yadin da masana'anta ta riga ta jiƙa da rezin daidai gwargwado, ana ajiye shi a firiza a digiri 18 ƙasa da sifili, a gasa shi a tanderu mai matsin iska a digiri 120 ko 180. Da shi ake yin Boeing 787, wanda kusan rabin nauyin gininsa haɗaɗɗen kaya ne, da Airbus A350 mai kashi 53 cikin ɗari. Kayan da rayuwarsa ta dogara da firizar da ba ta ɗaukewa yana da wuyar zama a garuruwanmu, kuma babu aibi a shimfiɗar hannu idan an yi ta da gaskiya.

Duk waɗannan hanyoyi abu ɗaya suke nema, zare mai yawa da rezin daidai buƙata ba tare da iska ba. Ma'aunin shi ne kason zare, kuma akwai tarko a cikinsa, domin ana faɗinsa da nauyi ana kuma faɗinsa da girma. Gilashi ya ninka rezin nauyi fiye da sau biyu, saboda haka kaso 30 cikin ɗari da nauyi, wanda shi ne abin da shimfiɗar hannu da mat ke bayarwa, kusan 17 ne kacal da girma, alhali firifireg yana kai kusan 60 da girma. A nan ne idon mai saye ke yaudararsa. Yana ƙwanƙwasa kaya, ya ji kauri da nauyi, ya ce mai kyau ne. Kauri kuwa da rezin zalla ake iya samunsa, ko da garin alli da ake zubawa don rage kuɗi, kuma irin wannan kayan shi ne mai saurin tsagewa.

Kalmomin aibi su ne na fi so mai saye ya riƙe. Kumfa ita ce iskar da ta maƙale a ciki. Busasshen wuri shi ne inda rezin bai ratsa zare ba, yakan yi fari. Ɓarewa ita ce rabuwar falle da falle, ita ce babbar cutar faiba, domin babu zaren da ke ɗinke fallayen da juna. Ƙarfe idan ya sha duka yana lotsewa kowa ya gani, faiba kuwa yana iya komawa daidai a waje alhali ciki ya rabu, shi ya sa masu duba jiragen sama suke da suna na musamman ga dukan da da ƙyar ake ganin tabonsa, suke bin jiki da na'urar sauti, ko a ƙaramin aiki su ƙwanƙwasa da kwabo su saurari inda amon ya mutu. Jirgin ruwa kuma yana da ƙurajen da ke tasowa a ƙarƙashin jelkot idan ruwa ya ratsa rezin mai arha. Jirgin nutso na Titan, wanda ya murƙushe a ranar 18 ga Yunin 2023 a hanyarsa ta zuwa ga ɓaraguzan Titanic da mutum biyar a ciki, gangar jikinsa zaren kabon ce mai kaurin inci biyar. Masu binciken Amurka da suka duba ragowarsa waɗannan kalmomin suka ambata: kumfa, tattarewar zare, da rabuwar fallaye. Zare mai tsada ne a jikinsa.

Mu ba jirgin nutso muke saye ba, amma muna sayen jirgin fito. Tun bayan haɗarin Warrah a jihar Kebbi a Mayun 2021, da waɗanda suka biyo baya a Neja da Kwara, hukumomi suna ta kiran a maye gurbin jiragen katako da na faiba. Kiran yana da kyau, sai dai kwangilar da ta ce jirgin faiba kawai ba ta ce komai ba. Ya kamata ta faɗi irin rezin, da nauyin yadi da adadin fallaye a ƙasan jirgi da gefensa, da kason zare, da kumfar roba da za ta hana shi nitsewa idan ya cika da ruwa. Kuma ana iya tabbatarwa da kayan aiki masu sauƙi. Akwai ɗan ma'aunin tauri mai suna Barcol da ake dannawa a jiki ya nuna ko rezin ya nuna. Akwai gwajin ƙonawa na ISO 1172: a yanki guntu, a auna, a sa a tanderu mai zafin sama da digiri 500 har rezin ya ƙone, a auna abin da ya rage, a kuma ƙirga fallayen ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin gwaji na kowace kwalejin kimiyya da fasaha mai tanderu da sikeli zai iya yin wannan.

Halin nan na rashin narkewa, wanda ya sa faiba ke shekaru a rana da ruwa bai ruɓe ba, shi ne kuma ya sa 'yan jari-bola suke sayen fasasshen bokiti su bar fasasshen faiba a bola. A 2020 hotunan fukafukan injinan iska da ake binnewa a juji a garin Casper na jihar Wayomin sun zagaya duniya, kuma har yanzu hanyar da ta fi aiki ga faiban gilashi ita ce ta Jamus: a daddatsa shi a zuba a tanderun siminti, rezin ya zama makamashi, gilashin ya shiga cikin simintin. Injinan da aka tsara wa Lambar Rimi 37 ne, kuma jirage da tankuna da ƙubbobi suna ƙaruwa kowace shekara. Tanderun siminti muna da su a Kalambaina da Ashaka da Obajana da Malbaza. Abin da ake buƙata shi ne injin daddatsawa mai mazuƙin ƙura, domin ƙurar faiba tana cutar da huhu da fata, da kuma yarjejeniya da masu simintin a kan nawa tanderunsu zai iya ɗauka.